Asuba Huɗu a Bakin Tafki

Talata, 26 ga Agusta, da hantsi

'Yata Rochelle ta kawo yaronta. Ya yi ƙiba, wuyansa ya fara ninkewa, kuma yanzu yana bin mutum da ido. Ta kwantar da shi a kan bargo a tsakar ɗaki, ni kuwa na zauna a kujerar bakin taga na tura hannuwana ƙarƙashin cinya, don na san halinsu.

"Mama, don Allah ki karɓe shi ko na minti ɗaya ne," in ji ta. "Wa zai gani?"

Na ce ni zan gani. Na ɗaga mata hannu ta kalli igiyar, kamar ba ta san da ita ba. Zirin fatar barewa ne, Goggo Agatha ta ɗaura min shi a wuyan hannu ranar da muka dawo daga binne mai gidan nan, kuma ita kaɗai za ta yanke shi. Muddin yana nan ba na taɓa ɗanyen kifi, ba na tsinkar 'ya'yan itace, ba na kiran sunan mai gidan nan, ba na ɗaukar jariri. Kifi da 'ya'yan itace ba su dame ni ba. Amma jikana na fari ke nan, wata biyu da haihuwarsa, ban san nauyinsa ba.

Shekara za ta cika ran sha shida ga Satumba. Daga nan sai wankan tafki, asuba huɗu a jere, ba idon kowa a kaina sai na Goggo. In wani ya gan ni, wankan ya ɓaci. Tafkin yana cikin gandun shaƙatawa na gwamnati, kuma gwamnatin ta yarda a rufe gandun wata guda mu samu mu yi namu a tsanake. To yau Rochelle ke gaya min wai wata ƙungiyar masu hawan tsauni ta kai ƙara kotu a hana rufewar. Ka ji min mutane! Wata goma sha ɗaya nasu ne, ɗayan nan ne ya tsone musu ido.

Laraba, 27 ga Agusta, da yamma

Na sake share ƙarƙashin takalman mai gidan nan na mayar da su inda suke.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan abincin rana

Darrell ya zo, ɗan ƙanwata da ya zama lauya. Shi ke tsaya wa al'ummarmu a shari'ar. Ya cinye min soyayyen burodi har uku kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, tun yana yaro haka yake.

Ya ce masu ƙarar suna cewa gandu na kowa ne, kuma doka ba ta ba gwamnati ikon rufe wa wasu ƙofa ta buɗe wa wasu saboda asalinsu ba. Na ce yaushe aka yi gandun? Ya ce kafin a haife shi da kaɗan. Na ce to kakata ta yi wanka a ruwan nan tun ba a san da hanyar mota ba, balle allon da aka rubuta suna.

"Inna, wannan duk na sani, kuma tsarin mulki yana bayanmu," in ji shi. "Amma alƙali so yake ya ji cutar da za a yi wa mutum ɗaya mai suna in an buɗe. Ina neman wanda zai tsaya ya faɗi abin da ake yi a can, dalla-dalla."

Na ce ya je wurin Loretta. Shi ma ya san ba za ta buɗe masa ƙofa ba. Loretta ƙawata ce tun ta ƙuruciya. Shekara biyu da suka wuce, lokacin ba a fara rufewa ba, ta shiga ruwan a asubarta ta biyu, sai ga wasu samari da 'yan mata sun ɓullo daga cikin itatuwa suna tafa mata, wai jarumar tsohuwa mai wanka a ruwan ƙanƙara. Ɗaya ta ɗauke ta a waya ta watsa wa duniya. Har yau igiyar tana hannun Loretta, ta yi baƙi, ta ƙi komawa.

Na ce masa zan yi tunani. Ƙarya nake, so nake ya tashi.

Lahadi, 31 ga Agusta, bayan coci

Na biya ta wurin Goggo Agatha. Ƙanwar mahaifin mai gidan nan ce, ta haura tamanin, haƙori biyu suka rage mata amma bakin nan bai mutu ba. Na gaya mata buƙatar Darrell.

"Ke Verna, kanki ɗaya kuwa?" in ji ta. "Abin da aka faɗa a gaban baƙi an gan shi ke nan. Ido da kunne duk ɗaya ne a wannan sha'ani. Kika bayyana shi a kotu, ki je alƙalin ya yanke miki igiyar."

Na ce in ban faɗa ba za su buɗe ƙofa. Ta ce in na faɗa ba amfanin rufe ta. Na tambaya ko ba za mu fara da wuri ba, tunda jibi za a rufe, mu gama kafin a zauna shari'a. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce shekara ba riga ba ce da za a rage mata tsawo. Na ce wani tafkin fa? Ta ce dangin mijina a nan suke wanka, can ruwan bai san shi ba.

Na fito raina a ɓace, amma gaskiyarta ce. Abin haushin ke nan da Goggo.

Talata, 2 ga Satumba, da safe

An rufe. Tun asuba ban ji ƙarar mota ko ɗaya ta haura tsauni ba. Har na ji kukan tsuntsayen da na manta da su. Mata sun tafi tsinkar 'ya'yan itace da bokitai, na tsaya a ƙofa na ɗaga musu hannu.

Alhamis, 4 ga Satumba, da rana

Na haye gada zuwa kanti. Na kalli hagu, ban kalli kogi ba. Ana ta kama jan kifi bana, ƙamshin gashi ya cika unguwa. Bara war haka mai gidan nan ma yana gyaran raga a bayan gida.

Asabar, 6 ga Satumba, da yamma

Darrell ya dawo, wannan karon da lallashi. Na ce zan je kotun, zan tsaya, zan faɗi sunana da abin da aka hana ni. Abin da ake yi a bakin ruwa kuwa ba zai fito daga bakina ba.

"Inna, hakan ba zai isa ba."

Na ce shi ne abin da nake da shi. Ya ce ba ni kaɗai ba ce, akwai masu farauta, akwai yaran da ake kai wa tsauni su yi azumi, duk a kan wannan rufewar suke dogaro. Na ce to su su je su faɗi nasu. Ya ce kowa haka yake cewa. Na ce to ashe ba ni kaɗai ce mai taurin kai a garin nan ba, ya daina kallona kamar ni na ƙirƙiro shi.

Ya tafi bai ɗauki burodin da na ƙunsa masa ba. Wannan ya yi min ciwo fiye da maganarsa.

Litinin, 8 ga Satumba, da hantsi

Yaron ya yi dariya. Rochelle ta ce ni ya yi wa. Na zauna a kan hannuwana.

Alhamis, 11 ga Satumba, da yamma, a cikin mota muna dawowa daga birni

Mota na girgiza, rubutun zai karkace, oho.

Ɗakin kotun ya cika, namu a gefe ɗaya, masu jakunkunan goyo a ɗaya gefen. Lauyarsu mace ce, mai ladabi, irin ladabin da ke sa ka rasa ta inda za ka ji haushin mutum. Ta ce ba wanda ya raina al'adarmu. Ta ce tambayar ita ce wa ke da ikon rufe abin da yake na jama'a, kuma in bana wata guda ne, me zai hana baɗi ya zama uku. Zan faɗi gaskiya a nan tunda ba mai karantawa: tambayar tana da nauyi. Sai dai ba a yi ta ba ranar da aka zagaye ƙasar da shinge aka kira ta ta jama'a, mu ba a tambaye mu ba.

Da aka kira ni na faɗi sunana, na nuna igiyar, na ce ina da jika ban taɓa ɗaukarsa ba. Ta ce ta yi min ta'aziyya. Sannan ta ce in bayyana wa kotu mene ne a cikin wankan da ba zai yiwu ba in akwai mutane a gandun. Na ce ba zan iya ba. Alƙalin ya sunkuyo, dattijo ne mai sanyin murya, ya ce zai iya fitar da kowa daga ɗakin ya rage shi da lauyoyi. Na ce ranka ya daɗe, kai ma kowa ne.

Wasu suka yi dariya. Darrell bai yi ba.

A waje wani dogon tsoho ya tare ni, hularsa a hannu. Halvorsen, shugaban masu ƙarar, tsohon malamin makaranta. Ya ce shi ma matarsa ta rasu, a watan Satumba, kuma a bakin tafkin suka fara haɗuwa. Ya ce an ƙona gawarta, ya zuba tokarta a gindin wani itace a can, duk shekara yana zuwa ya zauna da ita, bara ya tarar da ƙofa a rufe ya koma gida. Toka! A bakin ruwan da muke wanka! Na buɗe baki zan zazzaga masa, sai na ga yadda yake murza hular nan, irin murzar da nake yi wa igiyata. Na ce Allah ya ji ƙanta, na wuce.

Juma'a, 12 ga Satumba, da safe

Na gaya wa Goggo zancen tokar. Ta ce ƙasar nan ta haɗiye abin da ya fi toka, in bar mutum da matarsa.

Litinin, 15 ga Satumba, da rana

Darrell ya bugo waya. Alƙali ya ce ba a nuna masa isasshiyar hujjar cuta ba, don haka a buɗe gandu kafin a yi babbar shari'a baɗi. Ya ba da wa'adi zuwa ranar Asabar da ƙarfe shida na safe.

Na ƙirga a yatsa. Laraba, Alhamis, Juma'a. Ta huɗun ta faɗa ranar Asabar.

Na je kanti. Matar da ke bayana a layi ta ce wa 'yarta, da ƙarfi don in ji, wai wasu sun fi son girman kansu a kan jama'a. Na juyo na ce mata in tana da abin faɗa wa alƙali, motar birni tana tashi kullum da safe.

Na dawo gida na yi kuka, ba don ita ba.

Talata, 16 ga Satumba

Yau shekara.

Talata, da yamma

Na tambayi Goggo ko za mu yi na ranar Asabar tun cikin duhu, kafin a buɗe. Ta ce sai haske ya taɓa kan tsauni ake shiga, kuma yanzu ba ya taɓawa sai bakwai ta kusa. Daga wurin ajiye motoci zuwa bakin ruwa tafiyar shan kofi ɗaya ce. Za su riga hasken isowa.

Na zauna ina juya maganar lauyar nan. Gandu na kowa ne. To madalla. Ashe mu ma kowa ne, kuma ban taɓa jin dokar da ta hana mace tsayawa a bakin tafki da bargonta ba.

Shekara guda ban roƙi kowa komai ba, ko itacen wuta aka kawo min sai na ce ina da shi. Yau na bi gida gida. Na fara da wanda ya fi wuya. Loretta ta buɗe ƙofa kaɗan, na gaya mata abin da nake so. Ta ce ita da tafkin nan har abada. Na ce ban ce ki kalli ruwa ba, baya za ki juya masa. Ta rufe ƙofar. Har gidan matar nan da ta yi min habaici a kanti na je, ta tsaya tana kallona kamar na zo cin bashi, sannan ta ce barguna nawa.

Laraba, 17 ga Satumba, da hantsi

Ta farko. Sanyin ya shiga har cikin haƙorana. Abin da zan rubuta ke nan.

Alhamis, 18 ga Satumba, da hantsi

Ta biyu. Goggo ta zame a kan dutse, ta zagi dutsen da kakanninsa. Ba ta ji ciwo ba.

Juma'a, 19 ga Satumba, da yamma

Ta uku ta wuce lafiya. Da muke saukowa na ga motoci sun fara layi a gefen hanya, wasu sun kafa tanti, wai kowa so yake ya zama na farkon shiga. An ce har da masu ɗaukar labarai.

Darrell ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Ya ce ya ji shirin da nake yi, ya duba, ba laifi a doka muddin ba mu tare hanya ba, ba mu taɓa kowa ba. Ya ce shi zai tsaya a wurin motoci ko da wani zai nemi fitina. Na ce ya shigo ya ci abinci. Ya cinye soyayyen burodi huɗu.

Ban san mata nawa za su zo ba. Ko biyar ne zan shiga ruwan nan.

Asabar, 20 ga Satumba, da rana

Bari in bi shi a hankali.

Da aka buɗe ƙofa muka shiga tare da kowa, a layi, kamar 'yan yawon buɗe ido. Na waiga na ga mata suna ta fitowa daga motoci da barguna a kafaɗa, tsofaffi da 'yan mata, har da waɗanda ba ma ga maciji da su. Suka zagaye ɗan lungun da ake shiga ruwa, daga babban dutse zuwa itatuwa, kowace ta kama bakin bargonta da na maƙwabciyarta, suka ɗaga sama, suka juya wa tafki baya. Barguna iri iri, na gado, na coci, har da wani mai hoton kyanwa.

Sai ga giɓi a wajen itatuwa, faɗin mutum biyu, daidai inda hanya ke ɓullowa. Barguna sun ƙare. Ina jin muryoyi suna matsowa, wani yana tambaya ko biki ake yi. Haske ya fara sauka a kan tsauni.

Loretta ce ta ratso ta cikin mutanen, da tsohon bargon mijinta. Ba ta kalle ni ba. Ta miƙa wa ta kusa da ita baki ɗaya, ɗaya bakin kuwa ba mai kamawa, don itacen ya yi nisa. A gindin itacen nan akwai mutum a zaune, hula a gwiwa. Halvorsen. Ashe itacen matarsa ke nan.

Goggo ta dogara sandarta ta je har gabansa.

"Kai dogo, tashi ka yi amfani," in ji ta. "Kama nan. Ka juya baya, in ka waigo sai na fasa maka kai."

Ya dube ta, ya dubi bargunan. Ya ce, "Ba zan janye ƙarar ba, ki sani."

"Wa ya tambaye ka? Ɗaga hannu sama."

Ya tashi ya kama, ya juya baya. Daga nan ban ƙara ganin komai ba sai ulu da ruwa da fuskar Goggo. Na ji wata yarinya a waje tana cewa a bar ta ta leƙa, na ji muryar Loretta ta ce mata a'a, sau ɗaya, yarinyar ba ta sake ba.

Abin da ya faru a cikin ruwa nawa ne.

Da na fito Goggo ta goge ni da rassan itacen al'ul, ta ciro 'yar wuƙarta. Fatar ta yi tauri, sai da ta yi ta gurzawa tana mita. Wurin da igiyar take ya yi fari fat, siriri, kamar ba hannuna ba. Da aka sauke barguna hannuwan mata duk sun ƙage, suna ta yarfewa suna tsokanar juna. Halvorsen ya koma gindin itacensa ya zauna. Baɗi za mu haɗu a kotu, kuma zan sake zuwa in ƙi faɗa.

Loretta ta tsaya tana kallon ruwan, karon farko. Ta ce wa Goggo, ba ni ba, "Asuba huɗu fa. Wa zai riƙe wa mutum bargo har asuba huɗu?" Matar kanti ta ce ita dai nata bai gaji ba.

Asabar, da yamma

Rochelle na jira a mota da yaron, don sanyi ya yi masa yawa a bakin ruwa. Na buɗe ƙofa na miƙa hannu biyu, ta ɗora min shi.

Kai, yaron nan da nauyi! Ba wanda ya gaya min. Ya kama ɗan yatsana, ya yi min amai a kafaɗa, ƙeyarsa tana ƙamshin madara. Kunnuwansa na kakansa ne, manya, a buɗe. Tun ranar da aka haife shi na gani daga nesa, ban da bakin faɗa.

Na faɗa masa a kunne, yanzu kuma zan rubuta.

Ambrose. Kunnuwan Ambrose gare shi.